Taurin Dodo da Sa'ar Matsafi: Tambayoyi da Amsoshi kan Jifan Ɗan Lido a Wasan Labari

Duk ranar Asabar bayan La'asar mukan haɗu a wani zaure a unguwar Yelwa, nan Garwa, mu shida ko bakwai. Mu shimfiɗa tabarma, mu ajiye faranti a tsakiya don kada 'yan lido su gangara ƙarƙashin buta, ni kuma in ja labari. Tun da wasu 'yan'uwa a Marwa da Kusuri da Njamena suka fara nasu zaman, tambayoyin da suke aiko mini ta WhatsApp kusan wuri ɗaya suke taruwa: matsafi ya saki sihirinsa, dodo yana da tauri, to wa zai yi jifa, kuma ta ina sa'a take shiga? Na tattara su a nan. Za ku ga cewa mafi yawan amsoshin suna komawa ga abu ɗaya, wato a fara duba hannun da ɗan lidon yake ciki.

Ni baƙo ne. Wane irin wasa ake magana a kai?

Tatsuniya ce da ake yi tare. Mutum ɗaya yana jan labari, shi ne littattafan Faransanci ke kira MJ, sauran kuma kowa yana riƙe da jarumi guda: wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, waccan matsafiya. Idan jarumi ya yi nufin abin da zai iya yiwuwa ko ya ƙi, sai a jefa ɗan lido. Wasan da ya fi shahara a cikin irinsu shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, mu nan mun fi saninsa da Donjons et Dragons. Ɗan lidon da ya fi aiki a cikinsa mai fuska 20 ne, mu muna ce masa mai ashirin.

Me kuke nufi da tauri?

Abin da littafin Faransanci ya kira résistance à la magie. Mun aro kalmar daga 'yan tauri, waɗanda ake cewa wuƙa ba ta cin su. Dodo mai tauri sihiri ne ba ya cin sa, ko kuma yana cin sa da ƙyar. Kada a haɗa shi da jifan tsira, wato jet de sauvegarde. Jifan tsira kowa yana da shi, har manomi da jakinsa: wuta ta taso, ka yi tsalle gefe, ka tsira da rabin ƙuna. Tauri kuwa na wasu halittu ne kaɗan, aljanu da shaiɗanu da manyan macizai masu fukafukai, kuma a tsofaffin bugu yana nufin wutar ta zo jikinsa ta mutu kamar ashana a cikin ruwa.

Idan na saki sihiri a kan mai tauri, wa ke jifa, ni ko mai jan labari?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma amsarta tana ga bugun littafin da ke gabanku, don an sauya ƙa'idar fiye da sau ɗaya.

A tsohon bugu, Advanced Dungeons & Dragons, wanda a taƙaice ake kira AD&D, tauri kashi ne cikin 100. Mai jan labari ne ke jefa 'yan lido biyu masu fuska 10, ɗaya na gomomi ɗaya na ɗaiɗai. Idan abin da ya fito bai wuce lambar taurin ba, sihirin ya tashi a banza. Kai matsafi ido kawai za ka zuba.

A bugu na 3, wanda ya fito a 2000 aka gyara shi ya zama 3.5 a 2003, da kuma Pathfinder na 2009 da ya gaje shi, an damƙa ɗan lidon a hannunka. Tauri ya zama lamba tsayayya kamar tsawon katanga. Kai ne za ka jefa mai ashirin, ka haɗa da matakinka na matsafi, wato lambar da ke nuna yadda jaruminka ya ƙware, idan jimlar ta kai lambar ko ta wuce, ka fasa.

A bugu na 5, na 2014, an sake karɓe shi daga hannunka. Babu katanga yanzu. Dodo mai tauri yana yin jifan tsiransa ne da mai ashirin guda biyu, ya ɗauki wanda ya fi girma.

Na daɗe ina lura cewa rabin musun da ake yi a zaure yana zuwa ne daga mutum biyu da kowannensu ya koyi wasan a bugu daban, kowa kuma yana da gaskiya a nasa littafin.

Muna da tsohon bugu. Shin matakin matsafi yana rage kashin taurin?

A bugu na farko na AD&D, ƙwarai. An auna lambar ne da matsafi mai mataki 11. Duk matakin da ka gaza 11, a ƙara wa dodo kashi 5, duk wanda ka ɗara, a rage masa kashi 5. Ɗauki dodon nan mai zaruruwa huɗu a baki da ke shan ƙwaƙwalwar mutane, flagelleur mental, taurinsa kashi 90 ne. Matsafi mai mataki 8 ya gaza da uku, taurin ya zama 105, ma'ana ko ya kwana yana saki ba zai ci ba. Mai mataki 15 kuwa ya sauko da shi zuwa 70. A bugu na 2, na 1989, an cire wannan lissafin: 90 ɗin 90 ne ga yaro da dattijo.

A 3.5 fa, yaya zan san damar da nake da ita kafin in ɓarnatar da sihiri?

Ka cire matakinka daga lambar taurin, abin da ya rage shi kake nema a fuskar ɗan lido. Kowace fuska ta mai ashirin kashi 5 ce cikin 100. Mai shan ƙwaƙwalwan nan a 3.5 taurinsa 25 ne. Matsafi mai mataki 8 yana neman 17 zuwa sama, fuskoki huɗu ke nan, kashi 20. Akwai baiwar da ake zaɓa mai ƙara 2 ga wannan jifan musamman, sunanta Spell Penetration, da babbarta mai ƙara wasu 2. Da ta farko kana neman 15, kashi 30. Da duka biyun kana neman 13, kashi 40.

Amma kada ka manta ƙofa biyu ce. Bayan ka fasa taurin, dodo yana nan da jifan tsiransa. Idan damar fasawa kashi 40 ce, damar ya kasa tsira kuma rabi ce, to sihirin zai kama shi sosai sau 1 ne kawai cikin 5. Masu sabon shiga sukan yi murna a ƙofar farko, su sha mamaki a ta biyu.

Abu biyu kuma da aka cika mantawa. Kaifin basirar jaruminka, wanda ke sa jifan tsira ya yi wa dodo wuya, ba ya shiga wannan jifan ko kaɗan, mataki kawai ake dubawa. Sannan ƙa'idar nan ta ɗaukar 10 ba tare da jifa ba, wadda ake yi wajen hawa katanga ko buɗe kwaɗo, littafin ya faɗa ƙarara cewa ba ta aiki a nan.

Na jefa 20. Ai na fasa ko yaya taurin yake?

A'a. A 3.5, fuskar 20 tana ba da nasara kai tsaye a wuri biyu ne: kai hari da jifan tsira. Jifan fasa tauri ba ya cikinsu. Matsafi mai mataki 7 a gaban shaiɗani mai tauri 28, ko 20 ta fito jimlarsa 27 ce, bai kai ba. Daɗin abin shi ne fuskar 1 ma ba faɗuwa ba ce kai tsaye: mai mataki 15 a gaban tauri 16 ba ya ma buƙatar jifa.

Wasu teburan sukan yarda 20 ta ci a ko'ina, kuma ban ga laifin hakan ba idan an amince tun kafin a zauna. Abin da ba na karɓa shi ne a tayar da maganar bayan ɗan lido ya tsaya.

Jarumina yana da dutsen sa'a. Zan ƙara 1 a jifan fasa tauri?

Wannan ta taɓa tsayar mana da wasa kusan rabin awa. Ƙanina ne ke riƙe da matsafin, ya jefa, jimlarsa ta gaza da 1 tak. Sai ya ɗaga takardarsa ya ce, "Yaya, dutsen sa'a fa? Ai sa'a sa'a ce." Na ce masa mu buɗe littafi mu karanta tare. Dutsen yana ƙara 1 ne a abubuwa uku da aka lissafa: jifan tsira, jifan gwaninta, da jifan siffofin jiki da hankali irin su ƙarfi da basira. Jifan matakin matsafi ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Haka ma sihirin addu'ar nan da malamin ayari, wato jarumin da ke aiki da addu'a, ke yi wa jama'arsa, yana ƙara sa'a a hari da rauni da tsira da gwaninta, bai ambaci fasa tauri ba. Ransa ya ɓaci, nawa ma bai yi daɗi ba, don ina son in ga ya ci. Amma da na ba shi a ranar, da mako mai zuwa kowa zai zo da nasa fassarar.

Ka riƙe wannan: a littattafan nan sa'a iri biyu ce. Akwai wadda ke ƙara lamba, ita sai a inda aka rubuta sunan jifan. Akwai kuma wadda ke ba ka damar sake jifa, ita ce ke da faɗi.

To wace sa'a ce ke aiki a 3.5?

Ta sake jifa. Malamin da ya zaɓi fannin sa'a yana da ikon sake jifa guda ɗaya a rana, kowane iri ne, har da na fasa tauri. Sharuɗɗa biyu ne: ya faɗa kafin mai jan labari ya bayyana ko an ci ko an faɗi, kuma dole ya karɓi na biyun ko da ya fi muni. Takobin sa'a ma yana ba da irin wannan dama.

Wanne ya fi, sake jifa ko ƙarin 2?

A jifa guda, sake jifa ya fi. Mai kashi 20 ya koma 36, alhali ƙarin 2 ya kai shi 30 ne kawai. Mai kashi 50 ya koma 75, ƙarin 2 kuwa 60. Sai dai sake jifa sau ɗaya ne a rana, ƙarin 2 kuma yana tare da kai a kowane sihiri har labari ya ƙare. Hausawa sun ce sa'a ta fi sammako, kuma a daren da kuke gaban babban dodo da sihiri ɗaya tak a hannu haka ne. Amma idan mai jan labarinku ya nufi ƙasar aljanu da ku, inda kowane maigadi ke da tauri, ni baiwar ƙarin 2 zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Muna bugu na 5. Ina da baiwar sa'a mai maki 3. Zan iya kashe maki in sa dodo ya faɗi jifan tsira?

Ba za ka iya ba, kuma a nan ne maganar hannu ta fi fitowa fili. Baiwar tana aiki a kan harinka, da jifanka na gwaninta, da tsiranka, sai kuma harin da aka kawo maka. Jifan tsiran dodo nasa ne, sa'arka ba ta kai can. Gajerun mutanen nan da ake kira halfelin, masu sake jifa idan 1 ta fito, su ma a nasu jifan ne kawai. Gyaran littafin da aka yi a 2024 ya sauya yawan makin da yadda ake kashe su, amma bai miƙa hannunka zuwa ga tsiran abokin gaba ba.

Ga yadda taurin ke cizo. Damar da sihirinka ke da ita, ninka ta da kanta. Idan da rabi ce, ta koma kashi 25. Idan da kashi 75 ce, ta koma kamar 56. Idan da kashi 25 ce, ta koma 6 da ɗan ɗoriya. Wato yana ɗan taɓa ka a inda dodo ke da rauni, ya murƙushe ka a inda yake da ƙarfi. Don haka babban aikinka shi ne gane inda raunin yake. Ƙaton da ke jure dafi da sanyi sau da yawa ba shi da saurin kauce wa, mai wayon tsiya kuma sau da yawa ba shi da ƙarfin jiki.

Babu abin da ke shiga jifan dodon ke nan?

Akwai, sai dai ba sunan sa'a suke ɗauke da shi ba. Matsafin da aka haifa da sihiri a jini yana iya kashe maki 3 na sihirinsa, a ƙa'idar 2014, ya tilasta wa dodo ɗaya yin jifa biyu ya ɗauki ƙarami. Wannan da taurin sai su kashe juna, a koma jifa ɗaya kamar kowa. Matsafi mai duba kuwa yakan jefa mai ashirin biyu da safe ya rubuta, daga baya ya ɗora ɗaya a madadin jifan duk wanda yake gani, muddin ya faɗa kafin a jefa. Idan ya tashi da 3 a aljihu, wannan 3 ɗin ta fi masa 19 daraja, don zai iya miƙa wa dodo ita. A teburinmu muna ɗaukar cewa ta maye gurbin jifan gaba ɗaya, tauri bai da abin cewa. Akwai kuma sihirin la'ana na mataki 1 da ke rage wa maƙiyi ɗan lido mai fuska 4 daga tsiransa, amma shi kansa sai ya fara wuce taurin kafin ya kama.

Dodo ya faɗi jifan, mai jan labari ya ce "ya tsira". Ba maguɗi ba ne?

Idan babban dodo ne, wataƙila a rubuce yake. Manyan halittu a bugu na 5 suna da ikon mayar da faɗuwa nasara, yawanci sau 3 a rana. Ba tauri ba ne, kuma babu jifan da ke karya shi. Ana cinye shi ne da ƙananan sihirai masu ban haushi har ya ƙare, sannan a fito da babba. Ni nakan ajiye ƙwallayen dabino uku a gabana, duk wanda dodo ya kashe in ɗauke ɗaya kowa yana gani.

Akwai sihirin da tauri ba ya tarewa?

Da yawa, kuma wannan ya fi duk lissafin da ke sama amfani. Ɗan tauri wuƙa ce ba ta cin sa, ba a ce ba zai faɗa rijiya ba. A 3.5 kowane sihiri an rubuta a ƙarƙashinsa ko tauri yana tare shi. Waɗanda ke ƙirƙirar abu na zahiri sukan wuce: santsin mai a ƙasa, yanar gizo-gizo mai kama ƙafa, ƙura mai ƙyalli da ke makantarwa, kibiyar ruwan batir, katangar dutse. Dabbar da ka kira ta yi maka faɗa, haƙoranta ba su san tauri ba. Ƙara wa mayaƙinku sauri ma hanya ce, don sihirin a jikinsa ya sauka, takobinsa ne zai isa ga dodo. Gumakan nan masu motsi da ake kira golem kusan babu sihirin da tauri ke tarewa da zai taɓa su ko da me ka jefa, saboda haka da su wannan ce kaɗai hanya.

A bugu na 5, duk sihirin da kai ne ke jefa harinsa, irin tartsatsin wuta, tauri bai shafe shi ba, ɗan lido ya dawo hannunka, baiwar sa'arka ta sake aiki. Ƙananan kibau na sihiri da ba sa kuskure su ma suna shiga, alhali a 3.5 tauri yana tare su.

Abokinmu yana da tauri. Zai hana mu yi masa magani?

A 3.5, zai iya. Sai ya sauke taurin da kansa, hakan kuma yana cinye masa babban aikinsa na wannan zagayen. Idan ya suma ba zai iya saukewa ba, mai maganin sai ya jefa ya fasa kamar yadda zai yi wa maƙiyi. A bugu na 5 babu wannan matsalar.

Ba mu da mai ashirin, a kasuwa na lido kawai ake samu. Mu jefa uku mu haɗa?

Kada ku yi, in dai ba da sani kuka zaɓa ba. Tsakiyarsu ɗaya ce, 10 da rabi, amma uku masu fuska 6 suna taruwa a tsakiya. Neman 17 zuwa sama da mai ashirin kashi 20 ne, da ukun kuwa hanyoyi 4 ne cikin 216, bai kai kashi 2 ba. Kun mayar da dodo mai wuya ya zama wanda ba ya ciwuwa.

Hanya mafi sauƙi ita ce takardu 20 a rubuta 1 zuwa 20, a zuba a hula, a zaro ɗaya, a mayar a girgiza. Ko karta: a cire masu hoto, a bar 1 zuwa 10, ja a karanta yadda take, baƙa a ƙara mata 10. Manhajar waya ma tana yi, sai dai ranar da aka ɗauke wuta a zafin watan Afrilu, hula ce ke rufa asiri.

Wasu wasannin fa?

RuneQuest na 1978 da tsofaffin bugun L'Appel de Cthulhu suna gwada ƙarfin ruhin matsafi da na wanda aka nufa. In sun yi daidai dama rabi ce, kowane maki na bambanci kuma ya ƙara ko ya rage kashi 5.

Iyayenmu suna tambaya ko wannan caca ce, kuma me ya kawo sihiri?

Tambaya ce mai kyau, kuma ku amsa musu da ladabi. Ba ma sa ko dala, babu mai ci babu wanda aka cinye, dukanmu ɓangare ɗaya muke a kan dodon da ke takarda. Sihirin ciki suna ne da lamba, kamar Dodon da kakanninmu ke ba mu labarinsa da dare. Duk da haka akwai hadisi a kan wasan nardu, malamai kuma sun yi magana a kan 'yan lido, ni kuwa ba mai ba da fatawa ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa ya bi abin da ya ce. Baffana ya taɓa zama ya kalle mu zama guda cur, da aka kira Magariba muka tashi tare, a hanya ya ce mini, "Ɗana, ku dai kula da lokaci." Tun daga nan muke naɗe tabarma kafin kiran salla.

Ni ne mai jan labari. In faɗa musu lambar taurin, ko in ɓoye?

Lambar kana iya ɓoyewa, amma kada ka ɓoye cewa akwai tauri. Idan sihiri ya mutu a jikin dodo, ka kwatanta shi yadda za su gane: wutar ta kai ƙirjinsa ta zube kamar ruwa a bayan agwagwa. Idan kuwa tsira ya yi, ka ce ya kauce ko ya cije. Matsafin da bai san wace ƙofa ce ta tare shi ba zai ci gaba da zubar da sihirinsa a wuri ɗaya, ya tashi yana ganin kai ka zalunce shi. Ka kuma bar alama tun kafin a haɗu: tsohuwa a bakin kogi ta ce matsafa uku sun shiga kogon nan ba wanda ya fito, ko mafarauci ya ce ya ga tsawa ta sauka a kansa bai ko girgiza ba.

A 3.5 ina ba mai sake jifa ɗan lokaci kafin in yi magana, in dube shi in ce "ka tsaya a nan?", don da zarar na furta sakamako damarsa ta wuce. A bugu na 5 kuwa, 'yan lido biyun na dodo a cikin farantin tsakiya nake jefa su, ba a bayan littafi ba.